JINI DA CIWON DAJIN HUHU: ABIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI



Ina godiya ƙwarai da gaske da aka ba ni wannan dama in yi muku bayani a kan wani al'amari da ya shafi lafiyar jama'ar ƙasar nan baki ɗaya. Aikinmu, mu ma'aikatan watsa labarai, shi ne mu ɗauko abin da masana suka rubuta da harsunan waje, mu warware shi da harshen da kowa zai gane, domin kada ilmi ya tsaya ga mutane kaɗan. Maganarmu ta yau kuwa ita ce ta ciwon dajin huhu, wanda waɗansu ke kira sankarar huhu, da kuma binciken da masana ke yi domin su gane, ta hanyar gwada jini, ko su wane ne ke cikin haɗarin kamuwa da shi.

Dalilin da ya sa muka ga ya dace a tattauna wannan batu shi ne, labarin binciken ya fara yawo cikin jaridu da wayoyin hannu, kuma sau da yawa akan ƙara masa gishiri. Haɗarin hakan iri biyu ne. Wanda aka gwada jininsa aka ce lafiya lau, sai ya saki jiki ya ci gaba da zuƙar tabarsa. Wanda kuwa aka ce an ga alama a jininsa, sai hankalinsa ya tashi, ya shiga sayar da kadarorinsa yana neman maganin cutar da wataƙila ba shi da ita. Saboda haka wajibi ne mu san abin da wannan gwaji ke iya faɗa, mu kuma san inda iyakarsa take.

GIRMAN CUTAR DA ABIN DA KE KAWO TA

Bisa ga ƙididdigar Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shekarar 2022 mutum kusan miliyan 2.5 ne suka kamu da ciwon dajin huhu a duniya, kimanin miliyan 1.8 kuma suka riga mu gidan gaskiya ta dalilinsa. Cikin dukkan ire-iren ciwon daji babu wanda ya kai shi kisa.

Babban sanadinsa sananne ne tun da daɗewa. Cikin shekarar 1950 waɗansu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka binciki majiyyata a asibitocin birnin Landan. Cikin maza 649 da ke fama da wannan ciwo, biyu kaɗai suka tarar ba su shan taba. Cikin 1964 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da cewa sigari na haddasa cutar. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 85 cikin 100 na masu wannan ciwo, taba ce ta jawo musu. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an san suna haddasa ciwon daji. Mashayin sigari ya fi wanda ba ya sha haɗarin kamuwa ninki 15 zuwa 30.

Har wa yau akwai waɗansu abubuwan. Akwai hayaƙin tabar da wani ke sha kusa da kai, a ɗaki ko a mota. Akwai ƙurar asbesto, wadda akan samu a tsohon rufi da silin. Akwai wata iska mai suna radon, wadda ke fitowa daga ƙasa ta taru a ɗakin da ba shi da mashigar iska. Cibiyar nan ta Liyon ta sa hayaƙin injin dizal cikin jerin abubuwan da ke haddasa ciwon daji a 2012, ta kuma sa gurɓatacciyar iskar gari cikin 2013. Don haka wanda bai taɓa sa kara a bakinsa ba ma yana iya kamuwa, ko da yake haɗarinsa bai kai na mashayi ba.

WAHALAR GANO SHI DA WURI

Abin da ya sa wannan ciwo ke da kisa shi ne, naman huhu ba ya jin zafi kamar yadda fata ke ji. Ƙari na iya tsirowa a cikinsa, ya yi watanni yana girma, mai shi na harkokinsa bai sani ba. Kafin tari da rama da ciwon ƙirji su bayyana, sau da yawa cutar ta riga ta bazu zuwa ƙashi, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa idan aka gano ciwon tun yana cikin huhu bai fita ba, fiye da rabin majiyyatan kan kai shekara biyar a raye. Idan kuwa ya riga ya bazu nesa, waɗanda ke kai wa shekara biyar ba su cika ɗaya cikin goma ba. Gaskiyar magabata ce da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hanyar da aka tabbatar tana gano shi da wuri ita ce ta wata na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira CT, wadda ta fi hoton ƙirji na yau da kullum gani nesa ba kusa ba. Cikin 2011 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji a Amurka wanda ya ƙunshi mashaya taba fiye da 53,000. Waɗanda aka riƙa ɗaukar hotonsu da CT, mutuwarsu ta dalilin ciwon dajin huhu ta ragu da kashi 20 cikin 100, idan aka gwama da waɗanda aka yi wa hoton ƙirji kawai. Cikin 2020 wani gwajin da aka yi a ƙasashen Holan da Beljiyam ya nuna raguwar kashi 24 cikin 100 a tsakanin maza. Shi ya sa tun 2021 ƙa'idar Amurka ita ce a yi wannan hoto kowace shekara ga mai shekara 50 zuwa 80, wanda ya sha kwatankwacin kwali ɗaya kullum har shekara 20, kuma yana kan sha, ko bai wuce shekara 15 da dainawa ba.

To, amma wannan hanya na da nata matsaloli. Na farko, na'urar na da tsada, ba a samunta sai a manyan asibitoci. Na biyu, tana yawan ganin tabon da ba ciwon daji ba ne: a gwajin nan na 2011, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hotunan sun nuna abin zargi, amma kimanin kashi 96 cikin 100 na waɗannan, da aka bi diddigi, ba cutar ba ce. Na uku, mutane da yawa da ke kamuwa ba su cika sharuɗɗan shekaru da yawan tabar da aka gindaya ba, saboda haka ba a kiransu hoto sam. Wannan ne ya sa masana suka shiga neman wani matankaɗi mai araha, wanda zai tankaɗe jama'a ya ware waɗanda suka fi bukatar a kai su ga na'urar. A nan ne maganar jini ta shigo.

MENE NE FUROTIN, KUMA ME YA KAI SHI JINI?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya na ƙera waɗansu sinadarai da ake kira furotin, kuma da su take gudanar da ayyukanta. Irinsu dubbai ne. Wani na narkar da abinci, wani na yaƙi da cuta, wani na kai saƙo daga wannan gaɓa zuwa waccan. Babban mutum na da jini kimanin lita biyar, kuma fiye da rabinsa ruwa ne mai fatsi-fatsi wanda furotin iri-iri ke yawo a cikinsa. Dukkan jinin nan kuwa sai ya ratsa huhu a kowane zagaye, domin a can yake ɗaukar iska.

Alal misali, ku dubi ƙoramar da ta bi ta gefen marina. Mutumin da ke can ƙasa, ko bai taɓa ganin marinar ba, in ya ɗebi ruwan ya ga launinsa ya san ana rini a sama. Haka jini yake. Idan ƙwayoyin huhu suka fara lalacewa, sukan zubar da waɗansu furotin fiye da kima, jiki kuma kan fitar da nasa domin ya yaƙe su, duka su shiga jini. Waɗannan su ne masana ke kira alamomin jini.

Sanin irin waɗannan alamomi ya daɗe. Cikin 1965 likitoci biyu na birnin Montiriyal a Kanada, Phil Gold da Samuel Freedman, suka gano wani furotin da ake kira CEA a cikin ciwon dajin hanji. Cikin 1981 Robert Bast da abokan aikinsa a Amurka suka gano wani mai suna CA-125, wanda ke da alaƙa da ciwon dajin ƙwan mace. Shekara da shekaru likitoci na amfani da su wajen lura da majiyyacin da aka riga aka san cutarsa, domin a ga ko magani na ci. Sabon abin da ake nema yanzu shi ne a yi amfani da su tun mutum na ganin lafiyarsa ƙalau.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Yadda ake yin binciken abin sha'awa ne. A ƙasashe da dama an ɗebi jinin dubban mutane masu lafiya, aka daskarar da shi aka ajiye, sa'an nan aka ci gaba da bibiyar rayuwarsu. Bayan shekaru, waɗansunsu suka kamu da ciwon dajin huhu. Sai masana suka koma ma'ajiya suka ɗauko jinin da aka ɗiba tun kafin cutar ta bayyana, suka gwama shi da na takwarorinsu waɗanda ba su kamu ba, domin su ga inda bambanci yake.

Cikin 2018 masana na cibiyar nan ta Liyon, tare da na asibitin ciwon daji na MD Anderson da ke jihar Tekzas a Amurka, suka bayyana sakamakon gwada furotin huɗu a haɗe. Biyu su ne CEA da CA-125 da muka ambata. Na uku sunansa CYFRA 21-1, wato ɓarɓashin wani furotin da ke cikin ƙwayoyin da suka shimfiɗe hanyoyin iska. Na huɗu, mai suna Pro-SFTPB, shi ne tushen wani sinadari mai santsi da huhu ke yi domin kada ƙananan jakunkunansa na iska su manne. Da aka haɗa sakamakon waɗannan huɗu da tarihin shan tabar mutum, an iya tsinto kashi 63 cikin 100 na waɗanda cutar ta bayyana gare su cikin shekara guda bayan ɗibar jinin. Ƙa'idar shekaru da yawan taba ta wancan lokaci kuwa kashi 42 kaɗai ta tsinto.

Cikin 2022 aka sake gwada furotin huɗun nan a kan jinin mutane masu yawa a Amurka. Aka tarar cewa in an gwama da ƙa'idar 2021, da an ƙara tsinto masu cutar da kashi 9.2 cikin 100, da kuma an rage tura marasa cutar zuwa hoto da kashi 13.7 cikin 100. Sa'an nan cikin 2023 wani haɗin gwiwar masana ya auna furotin 1,162 a jinin mutum 731 waɗanda suka kamu, da wasu 731 waɗanda ba su kamu ba, daga Amurka, Turai, Singafo da Ostireliya. Jinin duka an ɗebe shi ne cikin shekara uku kafin a gano cutar. Suka sami furotin 36 waɗanda yawansu ke tafiya tare da kusantowar ciwon.

Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya cancanci a yaba wa waɗanda suka yi aikin.

IYAKAR GWAJIN

Yanzu sai mu duba ɗaya gefen, kuma ina roƙo a saurari wannan sashe da kyau.

Da farko, gwajin da ya tsinto 63 cikin 100 ya bar 37 ke nan bai gan su ba. Mutum na iya ɗauke da cutar jininsa ya fito ba tare da wata alama ba. Mashayin da ya dogara da sakamakon jini ya ce ya tsira, yaudarar kansa yake yi.

Na biyu, waɗannan furotin kan hau saboda dalilai da yawa. CEA kan hau a jinin mashayin taba ko da ba shi da ciwon daji, yana kuma hawa a ciwon hanta da kumburin hanji. CA-125 kan hau ga mace mai haila ko mai juna biyu, da mai ciwon hanta, da mai tarin fuka. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma abin da ke tsamar da shi ba ɗaya ba ne. In muka koma ga ƙoramarmu, launin ruwan na iya zama na marina, yana kuma iya zama na jar ƙasar da ruwan sama ya kwaso.

Na uku, gwajin jini ba ya yanke hukunci. Abin da yake faɗa shi ne, haɗarin wane ya fi na wane, saboda haka a fara kai shi hoto. Tabbatar da ciwon daji sai an ɗauki hoto, an kuma ciro ɗan ƙanƙanin nama daga ƙarin, ƙwararre ya duba shi da madubin likita. Har yanzu manyan hukumomin lafiya ba su sa gwajin furotin cikin ƙa'idodinsu na neman ciwon dajin huhu a tsakanin masu lafiya ba. Ana kan gwada shi ne.

ABIN DA YA SHAFI ƘASARMU

Binciken da muka ambata duka an yi su ne a kan mutanen Amurka, Turai, Asiya da Ostireliya. Ƙasarmu Nijeriya kuwa na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma mun ji yadda wannan cuta ke iya ɗaga ɗaya daga cikin alamomin. Tarin fuka kan kuma bar tabo a huhu wanda ke fitowa a hoto. Ma'aunin da aka gyara bisa jinin mutanen wata nahiya, tilas ne a gwada shi a kan namu kafin a dogara da shi. Wannan aiki ne da ke jiran asibitocin koyarwa na jami'o'inmu, da Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2017. Idan ma'aikatan lafiya na gwamnati suka nemi ku shiga irin wannan bincike, suka yi muku cikakken bayani, suka nemi yardarku, ku sani taimako ne ga 'ya'yanku da jikokinku.

Akwai kuma wani haɗari na kusa. Alamomin tarin fuka da na ciwon dajin huhu kusan iri ɗaya ne: tari mai daɗewa, jini cikin kaki, ciwon ƙirji, rama da kasala. Saboda tarin fuka ya fi yawa a wurinmu, shi ake fara zato, kuma daidai ne. Amma in an gwada kaki ba a ga ƙwayar cutar ba, ko kuwa an yi makonni ana shan magani bisa ƙa'ida ba a ga sauƙi ba, kada a zauna gida ana jira. A koma wurin likita a gaya masa, musamman in majiyyacin ya haura shekara 40 kuma ya taɓa shan taba. Kada kunya ta hana shi faɗin yawan abin da yake sha da shekarun da ya yi yana sha, domin wannan bayani na daga cikin abin da likita ya fi bukata.

ABIN DA AKE BUKATA GA KOWA

1. Mai shan taba ya daina, ko shekarunsa nawa. Wanda ya yi kimanin shekara 10 da dainawa, haɗarinsa na mutuwa da ciwon dajin huhu kan ragu zuwa kusan rabin na wanda ya ci gaba. Shisha da matasanmu suka rungume ma taba ce, kuma ruwan da ke cikin tukunyarta ba ya wanke gubar hayaƙin.

2. Kada a sha taba a ɗaki ko a mota inda iyali suke. Mata masu girki da itace ko gawayi su yi a sarari, ko a madafa mai taga. A ajiye janareta nesa da ɗakin kwana.

3. Duk wanda ya yi mako biyu yana tari ya je asibiti a gwada kakinsa. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. Jini cikin kaki, dushewar murya da ta ƙi wucewa, ƙarancin numfashi, da ramar da ba a san dalilinta ba, duk ba abin jinkiri ba ne.

4. A yi hattara da duk wanda ya zo kasuwa, ko tasha, ko ta wayar hannu, yana cewa da ɗigon jini zai gaya muku ko kuna da ciwon daji, balle in yana riƙe da maganin sayarwa a ɗaya hannun. Gwajin jini irin wannan likita ne ke rubuta shi, shi ne kuma ke fassara shi.

5. A taimaka wa hukuma wajen kiyaye doka. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita shan taba cikin 2005, ta kuma kafa Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa cikin 2015. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana tallarsa, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a da ta lissafa. Uba ko yaya da ke aiken yaro sayen sigari ya sani da hannunsa yake koya masa.

KAMMALAWA

Jama'a, masana na ƙoƙarin su sa jini ya riƙa yi mana gargaɗi shekara ɗaya, ko biyu, ko uku kafin cuta ta bayyana, kuma akwai alamun za su ci nasara. Ranar da aka tabbatar da gwajin, ƙasa irin tamu, mai jama'a da yawa da na'urori kaɗan, za ta amfana da shi ƙwarai, domin zai nuna wa likita wanda ya kamata a fara kai wa hoto. Kafin wannan rana, abin da ke hannunmu ya fi gwajin ƙarfi, gama gwaji sai dai ya gano ciwo, barin taba kuwa hana shi zuwa yake yi. Rigakafi ya fi magani.

Ina roƙon iyayenmu sarakuna, da malamai a masallatai da majami'u, da malaman makaranta, da shugabannin ƙungiyoyin mata, na direbobi da na 'yan kasuwa, su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su sami halarta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, ya ɗaukaka ƙasarmu Nijeriya.